Matakai Huɗu Ƙasa da Mi

Manila, 4 ga Yuni

Inday Pining,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Doming da yara da duk mutanen Abuno. Mu nan lafiya lau, sai zafi da hayaƙin motoci. Matata, Manang ɗinki Coring, tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka tun da ta daina cin busasshen kifi, wato tun da ya ƙare.

Na san sai kin juya ambulan ɗin nan sau biyu kafin ki tuna wane ne Tikyo. Ni ne jikan Lola Sebya, yayar kakarki, wanda ya bar tsibiri da ƙaton gogen nan da ya fi shi tsawo, bas, mutane suna cewa ya ɗauki akwatin gawarsa ya tafi birni. To har yau da shi nake ci.

Ga abin da ya kawo ni. An naɗa wa ƙungiyar makaɗanmu sabon maestro, wato jagoran kiɗa, karatun Amurka, kunne kamar na zomo. Kin san bas tsirkiya huɗu gare shi, mafi kaurinsu kuma iyakarta sautin Mi. Amma masu rubuta manyan kaɗe-kaɗen da muke yi sukan sauka ƙasa da haka, har matakai huɗu, zuwa Do. Shekara talatin da ɗaya ina cikin ƙungiyar nan, kuma abin da muka gada wurin malamanmu shi ne, in mun iso wurin sai mu haye sama mu kaɗa ƙanen sautin, mai siririyar murya. Ba wanda ya taɓa mutuwa. Makon jiya mutumin nan ya tsayar da makaɗa saba'in, ya nuna mu shida masu bas da sandarsa ya ce yana jin rufin gida, ba ya jin tushensa. Ya ba mu zuwa 28 ga Oktoba. Ran nan zai saurari kowannenmu shi kaɗai, wanda bas ɗinsa bai kai Do ba, kujerarsa ta wani ce.

Saura mini shekara uku in ajiye aiki da mutuncina, Inday. Ba na so a fitar da ni ta ƙofar baya, kuma ban iya komai ba sai wannan.

Maganin abin wata sanda ce da ake ƙarawa a kan bas ɗin. Tana tashi daga inda wuya ya ƙare, ta haye ta wuce katantanwar nan da ake sassaƙawa a can sama, sai a sa doguwar tsirkiya ta bi ta kanta. Tsirkiya in ta ƙara tsawo murya takan ƙara zurfi, wannan ba sai na koya miki ba. A jikin sandar akwai 'yan sakatu na tagulla: in an rufe ta ƙasa bas ya koma yadda yake, in an buɗe ya sauka. Ga hoto nan na yago daga wata mujalla. Akwai mutum ɗaya a nan da ke yin aikin, amma layinsa ya kai Kirsimeti, kuma na ga kan bas ɗin da ya tsaga. Ke kuwa an ce tun rasuwar babanki Tiyo Ambo kike riƙe da shagon jita, har hannunki ya fi nasa.

Yayanki,
Tikyo

Abuno, 19 ga Yuni

Manoy Tikyo,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Doming yana nan da tarinsa na kullum, yara sun koma makaranta, ni kuma gwiwa ce ke gaya mini in za a yi ruwa. A gaishe da Manang Coring, ga kifi nan rabin ƙunshi, rabin ne don ina son ta da rai.

Ambulan kuwa sau uku na juya shi. Shekara goma sha ɗaya, Manoy. Babana, Tatay, ya kwanta wata biyar ba mu ga rubutunka ba, muka binne shi ba mu ga ƙeyarka ba, sai yanzu da wani ɗan Amurka ya nuna ka da sanda ka tuna Lola Sebya tana da ƙanwa. An ce zumunta a ƙafa take, taka na lura a wuyan bas take. Na faɗa na huce, ba zan sake tayar da maganar ba sai in ka ba ni haushi.

Hoton da ka aiko hoto ne kawai. Wani Bature ne yana murmushi, babu awo ko ɗaya, kuma ka yage shi daidai inda nake son ganin yadda tsirkiyar ke komawa cikin kai. Na zauna da shi kwana uku ina juyawa, na gane abin. Ba wani sihiri ba ne, wuyan jita ne da aka manna a inda bai kamata ba. Ina da guntun katakon kamagong baƙi ƙirin da Tatay ya ajiye shekara ashirin yana bushewa, ya isa. Zan yi maka.

Amma da sharaɗi biyu. Na farko, ka aiko bas ɗin kansa ta jirgin ruwa, don ba na ɗinka riga ban ga mai ita ba. Ka ari wani ka riƙa lallaɓawa. Na biyu, ina son awon hannunka, kuma kada ka aiko mini da lambobi, na san yadda makaɗa ke ƙirga. Yadda Tatay ke yi za ka yi: ka jingina bayanka da bango, ka ɗaga hannun hagu iya inda ya kai, Manang ta taka bakin igiya a ƙasa ta ja ta zuwa kan yatsanka ta ƙulla. Ka naɗe igiyar ka saka a wasiƙa. Da ita zan san tsayin da zan sa sakatun, yadda za ka kai gare su kana cikin kiɗa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka zauna kan wasiƙar nan kamar yadda ka saba.

Ƙanwarka,
Pining

Manila, 2 ga Yuli

Inday,

Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Kifi ya iso, Coring ta gode, ta kuma ce ke ba likita ba ce. Maganar Tiyo Ambo kuwa ba ni da bakin magana. Na yi laifi, ki yafe.

Bas ya shiga jirgin ranar Talata, a cikin akwatinsa, na naɗe shi da barguna biyu. Ki tura Doming bakin tashar da kansa, kada ya bar masu dako su kwantar da shi a kan cikinsa. Wanda na ara kuwa, kwalin sabulu ya fi shi murya.

Ga igiyar. Mun auna yadda kika ce.

Roƙo biyu. Kada ki yanke katantanwar, ki nemi hanya ki kewaye ta. Sannan, in da hali, ki sauko da sakatun ƙasa-ƙasa, kusa da wuya, iya yadda za su sauko. Na fi son abu a kusa.

Tikyo

Abuno, 6 ga Agusta

Manoy Tikyo,

Gaisuwa. Duk muna lafiya, sai ƙaramar 'yarmu da ta yi kwana biyu da zazzaɓi ta warware. Ka yi haƙuri da shiruna, hannun da ke riƙe da kurfi ba ya riƙe biro.

Bari in fara da igiyarka, don ta ba mu dariya. Na tsayar da Doming jikin bango, ku tsawo ɗaya ne, na auna ta a jikinsa. Ƙullin da kyar ya wuce saman kansa da yatsu huɗu. Manoy, wannan awon hannun wa ke nan? Ni da idona na gan ka ranar bikin Ising kana rataya fitilun takarda a jikin azara ba ka taka kujera ba. Ko dai Manang ta bar igiyar ta zame daga ƙarƙashin ƙafarta, ko kuma kun yi awon kuna faɗa. Abu ɗaya na ce ka yi, ɗaya tak. Na jefa ta a aljihun tebur na auna hannun Doming na yi aiki da shi.

Batun in sauko da sakatu kuwa, da wani ne ya rubuta sai in ce bai taɓa ganin tsirkiya ba. Ni nake zaɓa musu wuri? Tsawon tsirkiya ne ke cewa nan Re yake, nan Do yake. In na matsar da sakata faɗin farce, maestronka mai kunnen zomo zai jefo ka ta taga. Shekara talatin da ɗaya kana kiɗa, ni ce zan gaya maka wannan?

Aiki ya kammala. Katantanwarka ban yanke ta ba, ɗan rami ɗaya na huda inda ido ba ya gani, tsirkiyar ta bi ta kan ƙaramin gargare ta koma ciki. Kafin in taɓa naka sai da na sassaƙa irin wuyansa da kansa da katakon banza na yi gwaji a kai, har sau biyu ina ɓatawa. Sakatu huɗu na tagulla, kowace da fata a bakinta don kada ta ci tsirkiya. Ran da muka ɗaura, na buɗe su duka na ja baka a kai, sai ga gilasan da ke kan shiryayye suna rawa, kare ya fita daga shagon bai dawo ba sai da yamma. Ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi irin wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Doming zai kawo maka shi da kansa a jirgin mako mai zuwa. Ka ba shi abinci, ba ya iya roƙo.

Pining

Manila, 27 ga Agusta

Inday Pining,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ina fata Doming ya isa gida lafiya, mun ji daɗin kwana ukun da ya yi da mu, ko da yake duk maganar da ya yi ba ta cika cokali ba.

Na gode da wahalar da kika sha. Abin yana da kyau a ido, abokan aikina sun kewaye shi suna shafawa. Sai dai akwai 'yan matsaloli, kuma gara in faɗa.

Kan bas ɗin ya yi nauyi, yana rinjayata baya. Sakatun sun yi tauri, kafin in buɗe ɗaya kiɗa ya wuce ni. Ta biyun tana ɗan zuzu in na ja da ƙarfi. Sandar ta yi santsi da yawa, yatsa yana zamewa. Tsawon ma ya sa akwatin ba ya rufuwa, kuma jiya na buga kan a ƙofar ɗakin gwaji. Sannan ina jin kamar muryar sauran tsirkiyoyin ta dushe, ba kamar da ba. Wataƙila kamagong bai dace da irin wannan aiki ba, an ce a can waje wani katako suke sawa.

A gwajin da muke yi kullum har yanzu ina hayewa sama yadda na saba, ina ɓuya a bayan sauran biyar ɗin, waɗanda duk sun sami nasu. Maestro yana kallona. Ban san ko akwai abin da za ki iya yi daga nan ba.

Tikyo

Abuno, 9 ga Satumba

Manoy,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune ko za ta canja, ba ta canja ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Nauyi: na auna sandar da sakatunta kafin in ɗora, ba su kai mangwaro biyu ba. Tauri: 'yata mai shekara tara tana buɗe su da ɗan yatsa. Zuzu: akwai ƙusa mai juyawa a bayan kowace sakata, ka juya ta rabin zagaye, ko a Manila ba a sayar da sukundireba? Akwati: na ƙara masa hula a sama da hannuna, in ba ya rufuwa to juye shi ka yi. Ƙofa kuma ba ni na gina ta ba, ka sunkuya.

Wanda ya ƙona mini rai shi ne na kamagong. Katakon da Tatay ya hana kowa taɓawa shekara ashirin, na yanka maka shi ban yi ko ɗar ba, na ajiye jita goma sha biyu na mutane na yi wata guda a kan naka, shi ne za ka ce a can waje wani suke sawa? To ka aika can wajen. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa daga nan ina hango mutumin da bai zauna ya koyi abin ba yana neman wanda zai ɗora wa. Sabon abu sai an saba. Ka rufe ƙofa ka yi awa biyu kullum kana buɗewa kana rufewa, kamar yadda kake gaya wa ɗalibanka.

In kuma ba ka so, ka kwance ka aiko mini da abina.

Pining

Manila, 12 ga Satumba

Inday,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. An ce guguwa ta taɓa wajenku, jirage sun tsaya, wataƙila shi ya sa ban ga amsarki ba. Allah ya sa rufin shago yana nan.

Kada ki wahalar da kanki kan abubuwan da na lissafa. Na yi tunani, na ga ba sai an kai ranar gwaji ba. Zan rubuta takardar ajiye aiki in miƙa ranar 20 ga Oktoba, kafin a kira sunana. Gara in fita da ƙafata da a tsayar da ni gaban yaran da na koya wa riƙon baka a ce na kasa. Coring ba ta yi mini magana ba tun shekaranjiya. Akwai wani otal da ke neman mai bas na ranakun Asabar, can ba ruwan kowa da Do.

Aikinki ba shi da laifi. Ki bar maganar haka.

Tikyo

Abuno, 1 ga Oktoba

Manoy Tikyo,

Muna lafiya, guguwa ta ɗauke kwano uku da bishiyar gwanda, rai dai yana nan. Wasiƙarka ta 12 ga Satumba sai jiya ta iso, ta yi kwana goma sha takwas a hanya, na kuma gane ta saɓa da tawa. Wato ka karanta zagina bayan ka riga ka yanke shawara. Ban janye ba, amma da na san abin da na sani yau da wani zagin daban na yi.

Ina karanta wa Doming ita a kan abinci, na kai inda ka ce aikina ba shi da laifi, na ce to wannan wane irin mutum ne, jiya laifi shida yau babu ko ɗaya. Sai bawan Allahn nan, bakinsa cike da shinkafa, ya ce, “Ai hannun nasa ne ba ya ɗaguwa.”

Na ce, “Wane hannu?”

Ya ce na hagu. Wai a cikin jipni, motar hayar nan, ya ga ba ka kama ƙarfen sama da shi, sai ka juya ka kama da dama ko da ta ɓangaren da bai dace ba. Wai da safe Manang ce ke zura maka hannun riga. Wai har ƙamshin man tausa kake yi.

Na ce, “Doming, yau mako shida da dawowarka.”

Ya ce, “Ba ki tambaye ni ba.”

Da kyar na hana kaina kifa masa tukunya. Na tashi na buɗe aljihun tebur na ɗauko igiyarka, na tsaya ina kallon ƙullin, kunya ta rufe ni. Ashe ba kuskure kuka yi ba. Gaskiya ɗaya da ka gaya mini tun Yuni ita ce na yi wa dariya na jefar, na je na auna hannun ƙato mai lafiya. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Sauran kuwa naka ne, kuma ina jin haushinka har wuya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Manoy. Ka zo wurin mai yi maka awo ka ɓoye kafaɗa? Ka gwammace ka zagi katakon ubana, ka gwammace ka ajiye aikin shekara talatin da ɗaya ka koma kaɗa wa masu cin abinci, da ka rubuta kalma huɗu, kafaɗata tana mini ciwo? Na gane tsoron kada maestro ya ji ya ce ka tsufa. Ni maestro ce? Wa zan gaya wa, karen shago?

Yanzu ka saurara. Sautukan ba za su sauko ba, na gaya maka, amma ba dole hannunka ne zai hau ba. Tsohon keken rubutun Tatay yana nan yana tsatsa. Jiya na kwance shi. Ka san yadda yake aiki: ka danna nan ƙasa, ƙarfe ya buga can sama. Zan jera maɓallai uku a gefen wuya, daidai kunnenka, inda ƙullin igiyarka ya ce kana kaiwa ba wahala. Kowanne da siririn ƙarfe da zai hau ya danne tsirkiya a wurinta. Sakatar ƙasa kuma zan yi mata mariƙi da babban yatsa zai ture. In ba ka danna komai ba, Do ke nan. Irin wuyan da na sassaƙa na gwaji yana nan, a kansa nake haɗawa. Abin da ke ba ni tsoro ƙara ce, don yanzu in na danna sai ka ce ana buga takardar kotu. Na yanka tsohuwar hular Doming mai kauri ina liƙa wa duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Bai sani ba tukuna, shi ma bai tambaye ni ba.

Zan shigo jirgin 13 ga wata da akwatin kayan aikina. Kada ka miƙa takardar nan. In na iso na tarar ka miƙa, da ni da kai sai a lahira. Kuma ka je wurin likita na gaske, mai tausa ya yi iya yinsa.

Ƙanwarka, duk da haka,
Pining

Manila, 30 ga Oktoba

Inday Pining,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin isa gida lafiya, teku bai wahalar da ke ba. Coring tana gaishe ki, ta ce gidan ya yi shiru tun da kika tafi, ni kuma na ce kunnena ya huta. Kwana biyar kika yi kina aiki a kan teburin cin abincinmu, ban san mutum zai iya riƙe ƙusa uku a baki yana faɗa ba. Likita ya ce kafaɗar daskarewa ta yi, takan saki da kanta amma sai ta ɗauki shekara ko fiye. Ya ba ni motsin da zan riƙa yi jikin bango, ina yi, Coring tana tsaye a kaina kamar ɗan sanda.

Na san ba wannan kike jira ba. To ga yadda aka yi.

Ni ne na biyar. Ɗakin ba kowa sai maestro da mutum biyu na ofis, shiru har ina jin agogon hannunsa. Da na shigo da bas ɗin ya taso ya zagaya shi, ya sunkuya yana kallon maɓallan. Kin tuna na roƙe ki ki kankare haruffan kika ce ba ki da lokacin kwalliya? To ya karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni ko wasiƙa zan rubuta masa. Na ofis suka yi dariya. Na ce ƙanwata ce ta yi a can tsibirinmu na Mactan. Ya ce shi bai damu ko da injin niƙa ne ba, in dai zai kai ƙasa kuma ba zai ji ƙarar ƙarfe ba.

Ya zaɓi wurin da ya fi kowane sanyi a cikin kiɗan, inda bas ke sauka a hankali mataki-mataki kamar mai shiga rijiya. Kwana goma na yi ina koyon maɓallan nan har yatsuna suka yi kanta. Na ɗora baka. Na ture mariƙin. Na danna na farko, na biyu, na uku. Hular Doming ta yi aikinta, ko ƙis. Sannan na ɗage yatsuna duka.

Inday, shekara talatin da ɗaya ina ganin sautin nan a takarda ina yi masa ƙarya. A gida na kaɗa shi sau ɗari, amma a ƙaramin ɗaki ba ya buɗewa. A can kuwa ba a kunne na ji shi ba. Ta cikin katakon ƙasa ya hau ƙafafuna, ya shiga haƙarƙarina, har haƙorana. Na riƙe shi iya tsawon baka, ban so ya ƙare ba.

Maestro ya sa na maimaita da sauri, na tsallake ɗaya na kama sauran. Yana kallon takardarsa, ni kuma ina kallon ƙofa. Sai ya ajiye biro ya taso ya ce, “Ka ga tushen gida ke nan. Kujerarka taka ce, tsoho.” Kafin in ankara ya ɗaga hannu ya sauke mini shi a kafaɗar hagu, irin dukan murna na Amurkawa, ba sau ɗaya ba, sau uku, sannan ya kama ta ya girgiza.

Na ga taurari da rana tsaka. Ihu ya taso har maƙogwarona, na san kuma in ya fita, tambaya za ta biyo, in tambaya ta biyo duk wahalarki ta tashi a banza. Na cije harshe na rungume bas ɗin don kada in faɗi. Murya dai na riƙe ta, amma ido ya ƙi, hawaye suka zubo shar har kan rigata. Mutumin nan ya tsaya yana kallona, fuskarsa ta yi laushi, ya juya ga na ofis ya ce su duba, irin mutanen da yake nema ke nan, masu kuka saboda kiɗa. Ya ciro hankicinsa ya ba ni.

Na karɓa na share fuska na yi godiya. Ban gyara masa ba, don da na zauna a waje zafin ya lafa, hawayen ba su tsaya ba.

Ranar Litinin ina kan kujerata.

Yayanki,
Tikyo